Dunƙulen Japan da Igiyar Akwatin Rabi

Ke Amal, ajiye wayar nan. Ke ma Ruƙayya, matso kusa. Na ji abin da kuka faɗa ɗazu a bakin famfo, kada ku zaci tsufa ya toshe min kunne. Wai, "Ai shinkafa ce kawai a dunƙule, ko yaro ya iya." To madalla. Ga shinkafa nan a tire, ga ruwan gishiri a kwano. Kowacce ta jiƙa hannu ta dunƙula min guda ɗaya mai kusurwa uku, ta ɗaga shi sama ya tsaya bai rushe ba, in kuma na gutsura ya warware a bakina, ba ya manne min a dasashi ba. Bismillah, ina kallo.

Kun gani ko? Na Amal ya zama dutse, ana iya jifan kare da shi. Na Ruƙayya kuwa tun bai bar tafin hannu ba ya zube. Ku wanke hannu ku zauna. Kafin tukunyar gaba ta huce zan ba ku labarin yadda abin nan ya fito daga cikin wasan talabijin ya shigo kicin ɗina, don ku san abin da kuke rainawa.

Ni a nan unguwar Misfala ta Makka aka haife ni, a nan na yi wayo. Sana'ar kuma a hannun Inna Dije na koya, wata tsohuwa Bakanuwa da take da ɗaki a wani lungu da yanzu otel ya hau kansa. Ranar da uwata ta kai ni, Inna Dije ba ta bari na leƙa tukunya ba. Tsintar shinkafa ta sa ni, na yi ta tsinta har na fara ganin tsakuwa a mafarki. Sai da ta ga ban gudu ba sannan ta miƙo min muciya, muciyar da ta kusa kai ni tsawo. Dokarta ɗaya ce, kuma da bakin mara take koyar da ita, wato guntun ƙwaryar nan da ake kwasar tuwo. In kin malmala tuwon shinkafa, sai ta tsaga shi biyu ta kai bakin taga ta duba. Ta ga ƙwaya ɗaya da ba ta narke ba, sai ki ji mara a bayan hannunki. "Balaraba," haka take cewa, "in an ga ƙwaya a tuwonki, an ga ragwancinki." Haka na tashi ina gaba da ƙwayar shinkafa. In na gan ta a tsaye sai na murƙushe ta.

Aikin da ya fitar da sunana a Mina ne. Wani jagoran alhazai ya zo yana sharce gumi, ya ce yana da tanti guda na tsofaffi daga ƙasar Katsina, sun daina cin abinci. Burodi suke gani da safe, shinkafa mai mai da rana, cikinsu ya ƙi, ga jifa a gabansu. Na tuƙa tuwo a nan Misfala, na kaɗa kuka da daddawar da nake ɓoyewa kamar zinare, na jera malmala a kula na lulluɓe da bargo. Inda mota ta tsaya, daga nan muka ɗauka a ka. Da na buɗe kular a bakin tanti, wani dattijo da yake kwance tun safe ya tashi zaune da kansa. Ya danna malmalar da babban yatsa, ya duba, ya ce, "Wannan hannun gida ne." Ya cinye biyu ya nemi ƙari. Daga wannan shekarar, duk lokacin aikin Hajji sai na yi ta korar masu oda saboda ba hannun da zai ishe su.

Don haka na ɗauko Rabi. Kun san ta, ga ta can tana jinmu tana yi kamar ba ta ji. Daga Maraɗi ta zo, ta bar 'ya'yanta wajen uwarta, ta iso da akwatin ƙarfe ɗaya da madambacin da ta ƙi rabuwa da shi. Takardar zamanta, iƙama, a kan sunan kicin ɗin nan take. Wanke-wanke, miya, yankan nama, duk ba a magana. Amma tuwonta bai taɓa gamsar da ni ba. Hannunta ba nauyi. Nakan ce mata, "Rabi, tukunyar nan cizo take yi ne? Danna mana." Ita kuma ta ce, "Hajiya, ke kokawa kike da abinci, ni lallashinsa nake." Sai dai in ta yi dambu, to ku zo ku ga ikon Allah. Kowace ƙwaya a tsaye take ita kaɗai, washar-washar, amma in kin damƙa a hannu sai ya haɗu. Ni dambu ban ɗauke shi abinci ba a lokacin, abin marmari ne.

Sai shekarar annoba ta zo. Ku lokacin kuna makaranta, murna ma kuka yi da aka ce a zauna a gida. Mu kuwa mun ga abin da ko Inna Dije ba ta gani ba. Titin nan da in kin jefa allura ba za ta taɓa ƙasa ba saboda alhazai, ya koma na kyanwoyi. Ba bas, ba masu turin keke, ba mai neman hanyar masaukinsa. Kiran salla yakan taso daga Harami ya zo kunnenki tas, ba abin da ya tare shi. Tukwanena na kife su, muciya ta bushe har ta fara tsagewa, sai da na riƙa shafa mata mai. Da aka sassauta aka buɗe kasuwanni, na ce alhamdulillahi, ashe da saura. Baƙi ba su dawo ba, mutanen gari kuma kowa matarsa ta iya tuƙa tuwo, wa zai saya a wajena?

Ƙanena Sani shi yake riƙe min harkar takardu. Ya zo ya zauna a kan buhun shinkafa ya ce, "Yaya, iƙamar Rabi ta kusa ƙarewa. In ba wani tsayayyen mai saye da za mu dogara da shi, ba yadda za a riƙe kicin ɗin nan a buɗe, kuma in an rufe, ita sai gida." Rabi tana bayan labule tana jin komai. Washegari na shigo na tarar ta haɗa kayanta a akwatin ƙarfen nan, har madambacin ta cusa a ciki, ta ɗaure da wata shuɗiyar igiya ta tura ƙarƙashin tebur. Na ce, "Wa ya kore ki?" Ta ce, "Ba kowa, Hajiya. Gara in shirya da kaina." Kullum da safe sai na yi tuntuɓe da akwatin nan, kullum sai raina ya ɓaci.

A kwanakin ne Sumayya, 'yar Sani, ta mai da kicin ɗina ɗakin karatunta, wai nan ya fi shiru. Karatun jami'a take ta waya, in ta gama sai ta jona na'urar wasanta a tsohuwar talabijin ɗina ta kama danne-danne. Wata rana ina zaune ba abin yi, idona ya kai kan allon. Wani jarumi ne da takobi, an yi masa dukan kawo wuƙa, yana tangaɗi. A saman allon akwai wani jan layi da ya kusa ƙarewa, Sumayya ta ce ransa ke nan. Sai ya fasa wata tukunya a gefen hanya, wani farin abu mai kusurwa uku ya faɗo, da baƙi-baƙi a gindinsa. Ya ɗauka ya kai baki. Wallahi kafin in ƙifta ido jan layin nan ya cika fal, mutumin ya miƙe ya kama sara kamar an sake haihuwarsa.

Na miƙe tsaye na ce, "Ke, tsaya. Me ya ci?"

Ta ce, "Dunƙulen shinkafa ne, Goggo. Abincin Japanawa. Onigiri suke ce masa."

Na ce, "Wane irin giri? Tuwon shinkafa ne wannan da miyar kuka. Ga farin tuwo, ga kuka a gindi. Ba shi na kai wa dattijon Mina ya tashi zaune ba?"

Yarinyar nan ta yi dariya har rimot ya faɗi. Ta canza wani wasan ta nuna min. A nan kuma dunƙulen da kansa ne ɗan wasan, da idanu biyu da 'yan ƙafafu, yana tsalle yana guje wa tsuntsaye masu son cinye shi. A wani wasan kuma shi ake sayarwa a shago, jarumi ya cika jakarsa da shi kafin ya shiga daji. Na ce to, ashe har a Japan an san darajar mai abinci. Na zauna na kalla har la'asar, ina ta yi wa ɗan dunƙulen nan addu'a kada tsuntsu ya same shi.

Sumayya ce ta kai maganar wajen Faisal, ɗan marigayiya maƙwabciyarmu, wanda yake da zauren wasannin bidiyo a unguwar Zahir. An ba su izinin sake buɗewa, yana neman abin da zai jawo matasa su dawo. Sai ga shi ya zo har kicin. Hala yake ce min, yadda 'ya'yan Makka ke kiran ƙawar uwa. Ya ce, "Hala, yaran nan sun shekara suna cin abin nan a allo, ba wanda ya taɓa sa shi a baki. In za ki iya yi min irinsa sak, zan riƙa karɓa duk mako. Amma sai na gwada tukuna." Na kalli akwatin da ke ƙarƙashin tebur, na ce masa, "Ɗana, tun ba a haife ka ba nake dunƙula shinkafa."

Sumayya ta ce min baƙin nan ganyen teku ne da ake busarwa. Ita ma a allo kawai ta san shi, ba ta taɓa ci ba. Na ce ganyen teku ko ganyen kuka, ganye dai ganye ne, kuma namu ya fi nasu daɗi. Na dafa shinkafar Masar ta yi luguf, na tuƙa ta har Inna Dije da tana raye sai ta yi min guɗa. Na malmala da kusurwa uku, santsi kamar ƙwai. Na kaɗa kuka da kauri na musamman, na shafa wa kowanne a gindi daidai yadda yake a hoton. Rabi ta tsaya tana kallo ta ce, "Hajiya, da me za su riƙe?" Na ce, "Da hannun da Allah ya ba su."

Muka kai Zahir. Faisal ya tara abokansa 'yan kaɗan don gwaji, kowa da rimot a hannu. Da suka ga tiren suka yi ta ɗaukar hoto, ni kuma ina ta washe baki. Na farko ya kai hannu ya ɗauka, yatsunsa suka nutse. Ya kai baki, ya ce da daɗi, ya mai da hannu kan rimot. Jama'a, kun san yauƙin kuka. Zare ya tashi daga yatsansa zuwa maɓalli, ya ɗaga hannu zaren ya biyo shi. Na biyu rimot ɗin ma suɓuce masa ya yi ya bugi ƙasa. Kafin a jima duk zauren ya zama kore, samari suna yawo da hannu a sama suna neman famfo. Faisal ya ɗaga wani rimot da yatsu biyu, kuka tana ɗiga, ya ce, "Hala, wallahi ya yi daɗi, amma wannan zai rufe min shago." Kunya ta kama ni, dariya kuma tana cina. Albarkacin uwarsa ya ce ranar Alhamis ta sama zai yi gasar buɗe zaure, in sake gwadawa. In bai yi ba, shi ke nan.

Ban koma gida ba. Na ja kujera na zauna a bayan samarin nan ina kallon yadda suke cin abinci, don a sana'ar nan ba tukunya kaɗai ake karanta ba, har da bakin mai ci. Mu tuwo zama ake yi masa. A wanke hannu, a kewaye kwano, a gutsura, a tsoma, a gama a sake wanke hannu. Waɗannan kuwa idonsu ba ya barin allo. Hannu ne kawai yake fita ya lalubo abu ya kai baki ya koma bakin aiki. Na sa Sumayya ta maido min wurin da jarumin yake cin nasa, ta tsayar da hoton. Sai na ga inda yatsunsa suke. A kan baƙin nan suke. Ashe ba miya ba ce, mariƙi ne, an sa shi don kada shinkafa ta taɓa hannu. Na matsa kusa da allon har hancina ya kusa taɓawa, sai na ga wani abin da ya fi wannan tayar min da hankali. Mai zanen ya zana ƙwayoyin shinkafar ɗaya bayan ɗaya. Ba a tuƙa ta ba sam.

To nan fa aiki ya tashi. Na dafa shinkafar Masar da ruwa kaɗan, na bar muciya a rataye, na jiƙa hannu da ruwan gishiri na ɗebo. Zuciyata tana cewa a hankali, hannuna yana cewa ƙwaya ce, murƙushe ta. Duk wanda na yi sai ya fito irin na Amal. In na sassauta kuma ya zube irin na Ruƙayya. Na yi ta yi har tafin hannuna ya yi ja don zafi, muka yi ta cin ɓatattu safe da rana. Rabi tana gefe tana goge tukwanen da ba su da datti. Can ta ce, "Hajiya, ba ni in taɓa." Ta jiƙa hannu, ta ɗebo, ta lanƙwasa tafin dama kamar rufin bukka, ta juya shi a hankali, ta sake juyawa, ta ajiye. Ya tsaya cak. Kowace ƙwaya tana sheƙi ita kaɗai. Na gutsura, ya warware a bakina.

Na ce, "A ina kika koyi wannan?"

Ta ce, "Ai dambu ne, Hajiya. Damƙar dambu ce, kusurwa kawai na yi masa."

Na rungume ta da hannuna duk shinkafa. Hannun da na yi shekaru ina yi wa gori, shi ne abin yake nema.

Saura mariƙi. Sani ya zaga manyan kantuna neman ganyen tekun nan, har Jidda ya aika. A shekarar kaya ba sa shigowa yadda aka saba, inda duk ya je sai a ce ya ƙare. Muka gwada ganyen latas, ya yi yaushi. Muka gwada leda, Sumayya ta ce wannan ba ya cikin wasa. Ranar Alhamis tana matsowa, akwati yana nan a ɗaure. Sai wata rana da hantsi Rabi tana karyawa da ɗan guntun kilishin da wani ɗan ƙasarsu ya ba ta, ta ɗora shi a kan shinkafa mai ɗumi ta tafi ɗauko ruwa. Da ta dawo, tururi ya sa kilishin ya yi laushi ya kwanta. Ta naɗe gindin dunƙule da shi ta ɗaga ta nuna min. Ni da Sumayya muka kalli juna. Ban san lokacin da na yi guɗa ba, a kicin ɗin da ya shekara bai ji guɗa ba.

Ko mayafi ban gyara daidai ba muka tafi wajen mai kilishin, Malam Idi, mutumin Tawa, da yake shanya namansa a saman bene. Na ce ina son siriri, wanda in an ɗaga za a ga rana ta cikinsa. Labun da ake tsoma shi a ciki a rage masa mai. Kada a barbaɗa yaji a kai, don yaran nan suna murza ido. A gasa shi kuma ya yi duhu sosai. Malam Idi ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Hajiya, kilishi kike so ko takarda?" Na ce, "Takardar nake so, amma ta nama." Ya yi ta gunaguni wai za a ɓata masa suna, amma ya yi, kuma ranar Makka ta busar da shi da wuri. Muka yanka shi da almakashi, faɗin yatsu biyu. A tsakiyar kowane dunƙule Rabi ta ɓoye ɗan dambun nama. Sumayya ta kawo habbatus sauda ta liƙa wa wasu idanu, suka fito sak ɗan tsallen nan da tsuntsaye ke bi.

Ranar Alhamis bayan la'asar muka isa. Zaure ya cika iya yadda aka yarda a cika, samari a gefe, 'yan mata a nasu gefen, ga wani babban allo a bango inda ake nuna masu gasa. Faisal ya buɗe tire ya duba. Ya ce, "Hala, a wasa baƙi ne. Wannan ja-ja ne." Na ce, "Na Japan ne baƙi. Wannan na Misfala ne." Ya ce to a jera tiren a hagun kowane ɗan wasa, don hannun dama yana aiki. Na ce a'a, a nan kam ba za mu shirya ba. Abincin da na sa wa bismillah ba a cinsa da hagu. Na bi tebur-tebur da kaina ina mayar da tire dama. Ya ɗaga kafaɗa ya ƙyale ni.

Aka fara gasa, ba wanda ya taɓa. Labarin kuka ya riga mu zuwa, kowa yana tsoron rimot ɗinsa. Rabi ta tsaya a bakin ƙofa ta harɗe hannu a ƙirji, ko zama ta ƙi yi.

A babban allon wani dogon saurayi mai tabarau ne yake wasa, irin wasan jarumin nan mai takobi. An takura shi a lungu, jan layinsa saura ƙiris. Ya fasa tukunya, sai ga farin dunƙule ya faɗo. Zaure ya ɗauki ihu, "Ci, ci." Yaron nan ya tsayar da wasan. Ya waiga damansa, ya kalli tiren, ya miƙa hannu ya kama ɗaya ta wajen kilishin. Ya danna maɓalli, jaruminsa ya kai baki, shi ma ya kai baki. Layi ya cika a allo, shi kuma ya tsaya da tauna, ido a waje. Ya haɗiye. Ya duba yatsunsa, ya juya su, ya ɗaga su sama kowa ya gani. Tas, ko maiƙo babu. Ya cusa sauran a baki ya koma kan rimot, ya yi ta sara har ya kayar da dodon.

Abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. Tire ya zama wayam kafin in juya. 'Yan mata suna rigima a kan masu idanu, wata ta ce ba za ta iya cin nata ba don yana kallonta, ƙawarta ta ce kawo in taimake ki. Wani ya zo yana tambayata da Larabci ko wannan ne ganyen tekun, na ce masa e, tekun Tawa. Wani kuma, jikan Hausawa ne da Hausar ta gudu daga bakinsa, ya tauna ya tauna ya ce, "Kilishi," ya ce rabonsa da shi tun kakarsa tana da rai. Ni dai ina tsakiyar zaure ina ta juyi, ina cewa a yi bismillah, a ci da dama.

Sai Faisal ya taso. Ya ɗauki farin tishu ya bi rimot ɗin nan ɗaya bayan ɗaya yana gogewa yana dubawa. Da ya gama ya zo gabana ya buɗe tishun, fari fat. Ya ce, "Kowace Alhamis, Hala. Da Juma'a. Gobe Ammi Sani, ƙanenki, ya zo mu yi magana." Na juya in gaya wa Rabi, sai na ga ta juya wa mutane baya tana goge fuska da bakin mayafi.

Sani ya sabunta iƙama. Wasu zaurukan suka ji labari suka aiko. Da Allah ya sa alhazai suka dawo, muciya ta koma bakin aikinta, shi ya sa kuka ga kicin ɗin nan ya rabu biyu, ni da tuwona a wancan gefe, Rabi da tirenta a wannan. Har yau ban iya dunƙulen nan ba, kada ku ji kunyar tambaya. Hannun Inna Dije ne a jikina, ba ya ganin ƙwaya ya ƙyale. Don haka ba ni zan koya muku ba, ita za ta koya muku, kuma ba ta duka da mara, kun ci sa'a.

Ranar gasar nan, da muka dawo daga Zahir, ana kiran magariba muka shigo. Rabi ba ta ko cire takalmi ba. Ta durƙusa ta jawo akwatin nan daga ƙarƙashin tebur, ta kwance shi, ta ciro madambacinta ta mayar kan kanta inda yake zama. Igiyar kuma ta tsaya tana jujjuya ta a hannu, sai ta hau kujera ta ɗaura ta daga taga zuwa ƙusar bango. Ta ce, "Hajiya, mun samu wurin shanya."

Ku ɗaga kai. Shuɗiyar igiyar nan da kuke rataya tsumman goge hannu a kai tun da kuka zo, ita ce.

Shinkafa ta huce. Ku tashi ku jiƙa hannu, Rabi tana jiranku.